Kafin Ka Sayar da Fadamar Innarka

Argungu, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka Birnin Kebbi lafiya, ka iske kawunka Tukur da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a zamanka na unguwar Nassarawa, ya tsare ka a hanyar makaranta, ya raba ka da mugun aboki da mugun ciwo. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya.

Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Na rubuto ne saboda ka san yadda muke. Kai ɗan fari ne, ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba, abin da ke tsakaninmu bai wuce ina kwana da lafiya lau ba. Shi ya sa da ka tashi maganarka ba ka zo wurina ba, ka aiko kawunka. Ban ga laifinka ba, ni ma haka na yi da nawa uban.

Ranar da Tukur ya zo ɗaukar ka, ya ja ni gefe ya ce, "Yaron ga shina son ya saida hwadamar uwatai. Alhaji Maidamma ya yi tayi. Wai za su haɗa kuɗɗi da wani abokinai su sayi injin casar shinkahwa can Nassarawa. Mi kac ce?"

Na ce masa ban ce komai ba tukuna.

Fadamar taka ce, wannan babu gardama. Kai kaɗai innarka ta bari, rubu'in da shari'a ta ba ni kuma na bar maka tun ranar rabon gado, a gaban shaidu. Ni dai noma ta nake yi. In ka ce a sayar, sai a sayar. Alhaji Maidamma ya ce da zarar an cire albasar bana yake son amsa, ka ga ke nan lokacin ba shi da nisa.

Hujjarka ma na san ta tun kafin Tukur ya buɗe baki. A hutun da ya wuce ina zaure ina ɗinkin buhu, kai kana tsakar gida kana karanta wa ƙannenka 'yan uba littafin tattalin arziki. Ka ce sana'o'in duniya kashi uku ne. Akwai masu ciro abu daga ƙasa da ruwa, wato manomi da masunci da makiyayi. Akwai masu juya abin ya zama wani abu, kamar mai injin da maƙeri da masaƙa. Sai masu hidima, direba da ɗan kasuwa da malamin makaranta da na asibiti. Ka ce duk ƙasar da ta yi arziki ta bar kashin farko ta hau sama, wanda ya tsaya a ƙasa kuwa shi ne kullum talaka. Ba da ni kake ba, ko da yake muryar an ɗaga ta daidai yadda za ta kai zaure.

Littafin bai yi ƙarya ba, kuma akwai abubuwa da yawa cikinsa da ka sani ni ban sani ba. Abin da nake da shi kawai kurakuraina ne. Na biya su da tsada, bai kamata a binne ni da su ba tare da wani ya amfana ba.

Bari in fara da na kusa, wanda ka gani da idonka amma ba a yi maka bayani ba. Akwai shekarar da albasa ta yi mini kyau. Ban sayar da ita lokacin cira ba, lokacin da kowa ke jibge tasa a kasuwar Augie ana yi mata tayin wulaƙanci. Na jera ta a rudu, gadon karan da ake ajiye albasa, ina juya ta ina fitar da ruɓaɓɓu, har damina ta kusa, albasa ta yi wuya, dillalai suka riƙa zuwa ƙofar gida da ƙafarsu. A nan na yi daidai. Kuɗin da na kama ban taɓa riƙe irinsa ba.

Innarka ta ce, "Malam, takarda ba ta haihuwa. Sai ɗan maraƙi, ko ka cika rumbu da gero."

Na ce mata na ji. Na naɗe kuɗin na sa a gwangwanin madara, na sa gwangwanin a tukunya, na binne a ƙarƙashin gadona. Ina jin daɗi in tuna suna nan. A shekarun ne kaya suka soma tashi, sabulu da kananzir da sukari sai an yi layi, yau farashi daban gobe daban. Ni kuwa hankalina kwance, tunda na san babu wanda ya taɓa tukunyata. Ranar da na binne su, kuɗin nan za su sayi shanun huɗa biyu har a yi ragi. Ranar da na tono su, ɗaya za su saya, shi ma sai an roƙi mai shi. Ko kwabo bai ɓata ba, amma rabin dukiyar ta tafi.

Abin da ya sa na tono su ma ka tuna da shi. Rediyo ya ce soja sun canja launin kuɗi, an ba da ɗan lokaci kaɗan, wanda bai kai nasa banki ba ya zama takardar ƙunsa ƙosai. Ba ni da ajiya a banki, ban san kowa ciki ba. Na yi ta sammako ina bin layi, kullum kafin a zo kaina a ce sababbin kuɗi sun ƙare. Da na ga wa'adi ya matso, na kai wa wani ɗan kasuwa mai hanya a ciki, ya canja mini ya ciri nasa kason, ba kaɗan ba. Har godiya na yi masa. Na ga wani tsoho daga ƙauye da ya zo bayan an rufe, da kuɗinsa ƙunshe cikin hula, yana tambayar mutane ina ake canjin.

Abin haushin shi ne ba ni ne na fara ba a gidanmu. Kakana ya mutu ya bar buhun wuri da ya tara tun yana saurayi. Da Turawa suka kawo sule da kwabo, wurin ya zama abin ado, muna yara muna wasan dara da shi. Na san wannan labari sarai, bai hana ni binne tukunya ba.

To ga abin da na fahimta. Kuɗi aiki uku yake yi. Yana raba mu da wahalar ba ni gishiri in ba ka manda, don da can sai mai kifi ya nemo mai gero da ke son kifi a ranar. Yana auna daraja, ka san akuya nawa ke cikin saniya ba tare da an jera su ba. Sai ajiya, ka sayar yau ka ci gobe. Biyun farko yana yin su da kyau. Na ukun ne ba shi da amana, domin darajarsa ba a jikinsa take ba, tana ga yardar mutane da ta hukuma, su kuwa ba sa shawara da kai kafin su canja ra'ayi. Ranar da Alhaji Maidamma ya ƙirga maka kuɗin fadama, wannan takardar ce za ka riƙe. Injin daga waje ake kawo shi, duk lokacin da naira ta faɗi shi tashi yake. Saboda haka duk kuɗin da aka ambata maka, kada yawansa ya ruɗe ka. Ka mayar da shi buhun gero a zuciyarka, ka ga buhu nawa ne bana, ka kuma tambayi kanka buhu nawa zai zama baɗi.

Kuskure na biyu ya girme ka, tun zamanin En'e ne, ina saurayi ko aure ban yi ba. A shekarar aka fara sa sunana cikin masu biyan haraji. Da kaka ta yi na sayar da abin da na samu a gayaunata, maimakon in ware na haraji sai na ɗinka riga mai aska biyu, na sayi takalmi, na bi wasannin kokawa ƙauye ƙauye ina yi wa makaɗa kari. Da na ji mai unguwa ya soma zagaye, sai na shiga jirgin wasu masunta da za su gangara wajen Yawuri cin rani. A wautata, tunda ba a gan ni ba, ba a bi na.

Mai unguwa ba ruwansa da wanda ya tafi, suna ya sani. Sunana yana ƙarƙashin gidan kakanka, don haka shi aka kama. Ga nasa, ga nawa, ga shi lokacin haraji kowa hatsi yake fitarwa don ya biya, kasuwa ta cika, mudu ya faɗi warwas. Abin da ya sayar bai kai ba. Aka zaunar da shi a rana a ƙofar hakimi tare da sauran waɗanda suka gaza, dattijo mai furfura, mutane suna wucewa suna kawar da kai don kunya. A ranar ya jinginar da garkarmu ta bakin gulbi ga wani maƙwabci, ya biya.

Da na dawo gab da damina, da 'yan kuɗina a lalita, na durƙusa ina jiran faɗa. Ya dube ni ya ce, "Ka komo? Wanke hannu ka ci tuwo." Bai ƙara ba, har ya mutu bai ɗaga maganar ba. A bakin mutane na ji abin da aka yi masa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka ce baɗi za mu fanshi garkar. Baɗi ta zo da nata harajin da nata hidimar, muka ce wata baɗin. Ana haka maƙwabcin ya rasu, 'ya'yansa suka ce ai sayarwa aka yi, ba jingina ba. Shaidu biyu ne, ɗaya ya riga ya mutu, ɗayan ya ce tsufa ya sa ba ya tunawa. Garkar da ta ciyar da gidanmu tun kakanni ta tafi a kan harajin da bai kai kuɗin rago ba. Har yau in zan je Augie ta gefenta nake wucewa, jikokinsu ke noma ta, suna gaishe ni da ladabi.

Ba zan ce maka ina son haraji ba, ban taɓa ganin mai son sa ba. Wani ɓangarensa na gan shi da idona, ya zama rijiya, ya zama ɗakin shan magani, ya zama bencin da ka zauna a kai a firamare. Wani ɓangaren kuwa ya shiga aljihun da ba nawa ba, don hanyar da muke bi da albasa har yanzu duk damina sai ta ci mota. Amma gudu ba ya kashe haraji, kan wanda ya tsaya yake faɗawa, kuma yawanci wanda ya tsaya shi ne wanda ka fi jin kunya. In ka sami kuɗi ka ware na hukuma kafin ka ci, ka karɓi rasit ka adana, ko na rumfar kasuwa ne. Wanda ya biya yana da bakin tambayar ina aka kai, wanda ya gudu kuwa sai dai ya yi gunaguni a ɗaka.

Ka kuma sani ba harajin da mai unguwa ke bi gida gida ne kaɗai haraji ba. Wannan ka fi ni sani, na ji kana faɗa wa ƙannenka, akwai wanda ke ɓoye cikin farashin atamfa da sukari da batir, mutum ya biya bai san ya biya ba. To injin ma haka yake. Akwai lasin, akwai kuɗin wuri na ƙaramar hukuma, duk wani ƙarfe ko bel da za a sauya an biya masa kwastan kafin ya iso hannunku. Ka tambayi abokin naka ko ya sa waɗannan cikin lissafin ribar da ya nuna maka. In ya ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne, to ka sake duba sauran lissafin nasa.

Na uku shi ne ya fi shafar ka, shi ne kuma na fi jin nauyin rubutawa.

Ba ka san yadda innarka ta sami fadamar nan ba, don kana goye aka yi. Ba gado ta ci ba. Sana'arta turara shinkafa, ka taso ka gani. Da kaka sai ta sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya, a kai inji a cashe, ta bakace, ta ba yara su kai kasuwa mudu mudu. Abin da ba ka sani ba, har tawa shinkafar saye take yi. In na kawo amfanin gona na ware na ci, sauran sai ta aiko a tambaye ni nawa buhu yake a kasuwa yau. Ba ta neman ragi, ni ma ba na yi mata, ta ƙirga ta ba ni. Bayan wata biyu in ga shinkafar da na sha sauro da tsutsa a kanta ta ba ta ribar da ta kusa kai abin da ni na samu, ita kuwa ko zaure ba ta leƙa ba. Har tsiya nake yi mata, ina cewa na auri dillaliya. Ta ce ai ban hana ka turarawa ba, ga tukunya can.

Ka ga a lissafin littafinka ita tana kashi na biyu, ni ina na farko, kuma ta fi ni samu. Nan littafin ya yi gaskiya. Sai dai da ribar ta taru, ba gwal ta saya ba, ba kwanonin jere ba. Ta aiki Tukur ya sayo mata fadama a hanyar Augie, inda ruwa ke daɗewa bayan gulbi ya janye. Na ce mata mace da ke cikin gida me za ta yi da fadama. Ta ce shanshera ce jarinta, ranar da manoma suka ƙi sayar mata ko suka tsawwala, tana son ta sami tata.

Bayan an ba mu Jihar Sakkwato kuɗi suka yi yawa a gari, ana ta gine gine, duk wanda ka gani da sabon babur sai a ce ɗan kwangila ne ko mai mota. Noma ya soma ba ni kunya. Akwai wani direba, Ladan, da muke sallah masallaci ɗaya, ya ce akwai babbar mota ta hannu da za a sayar, mu haɗa kuɗi, shi ya tuƙa, mu riƙa kai albasa da shinkafa Kurmi muna dawowa da goro da manja. Na sayar da shanuna na huɗa, na sayar da babbar gonata ta tudu, na ba shi. Shekarar farko abin ya yi daɗi. Mutane suka soma kira na Alhaji ban je Makka ba, ni kuma ban hana su ba.

Shekara ta biyu gulbi ya yi ambaliya ya cinye shinkafa tun tana tsaye, ruwa bai janye da wuri ba, dashen albasa ya makara. Babu kaya. Motoci suka yi cirko cirko a tasha, in lodi ɗaya ya fito direbobi goma su rufa masa, kowa yana karya farashi. Ana cikin haka Ladan ya aiko daga hanyar Kwantagora cewa injin mota ya buga, ƙarfen da za a sauya kuma sai an aika Ikko. A ranar na gane cinikin biri a sama na yi. Ban san komai a jikin mota ba, ban san nawa ake samu a lodi ba, ban san nawa mai yake ci ba. Abin da Ladan ya faɗa mini shi ne ilimina duka. Ba na cewa ya cuce ni, Allah ne ya sani. Ina cewa ko ya cuce ni ba ni da hanyar ganewa.

Kuɗin gyara ba ni da su. Na shiga gida na iske innarka tana juya shinkafa a kan tabarma, na ce, "Ki saida hwadamar ga mu gyara mota. Ƙasa ba ta kai mutum ko'ina, arziki shina ga mota."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, motar taka mi taka ɗauka?"

Na ce, "Albasa da shinkahwa mana."

Ta ce, "To in kowa ya saida hwadama ya sai mota, iska za ku ɗauka? Ba ni saidawa."

Na yi fushi irin na wanda aka gaya wa gaskiya a gidansa. Rani guda ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Motar ta yi ta zama a gefen hanya ana kwance mata kaya, daga baya aka sayar da gangar jikin, rabona ya sayi jaki. Na wayi gari ba shanu, ba babbar gona, sunan Alhajin ma aka karɓe abinsu. Tsoron da wannan ya sa mini ne ya kai ni ga binne kuɗi a tukunya daga baya, ka ga kuskure ɗaya ya haifi wani.

Da lokacin dashe ya zo, ita ta fara yi mini magana. Ta ce wanda ke noma mata fadamar wa'adinsa ya cika, in ina so in karɓa. Na ce aro? Ta ce a'a, haya, buhun da wancan ke bayarwa shi zan bayar. Na karɓa. Duk shekara ina auna mata hayarta a tsakar gida kafin in taɓa sauran, har shekarar da ta rasu. Daga fadamar nan muka ci, daga ita aka ɗinka maka kayan makaranta, daga ita albasar da na ba ka labari ta fito. Ban taɓa ce mata ta yi gaskiya ba. Kullum ina cewa sai wata rana, irin baɗin da muka yi ta yi wa garka. Wannan yana damuna har yau, fiye da motar da shanun.

Yanzu kada ka ɗauka ina cewa injin wauta ne. Ita kanta ta sha faɗa cewa in ta ƙara samu inji za ta saya, don tana ganin abin da mai inji ke karɓa a hannunta. Riba tana wurin mai sarrafawa, gaskiya ne, ƙasar da ba ta da masana'antu kuma kullum ɗanyen kaya za ta sayar da araha ta sayo shi da tsada. Amma kashin nan uku da ka lissafa wani a kan wani yake zaune. Inji ba ya casar iska, mota ba ta ɗaukar iska, shekarar da manomi ya faɗi duk suna bin sa. Innarka hawa ta yi tana riƙe da na ƙasa. Ni na sayar da na ƙasa don in hau, kuma na hau abin da ban sani ba.

Saboda haka ka amsa wa kanka waɗannan, ba sai ka amsa mini ba. Kana aji da safe, wa ke tsaye a bakin inji yana karɓar kuɗi? In ya tsaya, a cikinku wa ya san cikinsa? Inji nawa ke Nassarawa yanzu, kuma shinkafar da ake kawowa ta ishe su duka? Watannin da shanshera ke yankewa, da me za ku biya mai gadi da kuɗin wuri? Abokin nan shi me ya sayar ya kawo nasa kason, ko kuwa kai kaɗai ne za ka shiga da abin da ba ya dawowa? In duk ka sami amsa, to a rubuta yarjejeniya a gaban kawunka da shaidu masu sauran ƙuruciya, kowa ya riƙe takardarsa. Kafin nan ma, in da hali, ka yi hutu guda kana aiki a injin wani, ka sha ƙaiƙayi, ka ga inda kuɗi ke shiga da inda yake zurarewa.

Ga abin da nake iya yi. Tun rasuwar innarka ban biya haya ba, ina noma fadamar ina ce wa kaina ai kai nake yi wa hidima da ita. Wannan ba daidai ba ne, haƙƙinka ne. Daga bana zan riƙa auna maka hayarta yadda kowa zai biya, Tukur ya tambayi farashi a gari don kada a ce uba ya yi wa ɗa wayo. In ka ga dama ka tara a banki, ko a sayi ɗan maraƙi a ba Fulani kiwo. Kafin ka gama karatu zai kai ka shiga injin da ƙaramin kaso, fadama kuma tana nan. Ba zai yi sauri kamar yadda kake so ba, na sani. Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni.

In kuma ka auna duka ka ga sayarwa ce ta fi, ba zan hana ka ba. Ba ni da bakin hanawa, tunda fadamar nan ni na fara neman a sayar da ita, da kalmomin da ba su da nisa da naka, kuma wadda ta iya cewa a'a ba ta nan. Zan zo in tsaya shaida, in nuna iyaka, ba za ka ga komai a fuskata ba. Ba na so a sayar, wannan na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba.

Alfarma guda nake nema in an kai ga haka. Ba ni da wata fadamar, ƙarfina kuma bai kai na fara sabon wuri ba. Alhaji Maidamma ba da hannunsa yake noma ba, 'yan ƙodago yake ɗauka. Ka sa kawunka ya yi masa magana ya sa ni cikinsu. Na san inda ruwa ke kwanciya a wurin da inda ke saurin bushewa, ba zai yi asara da ni ba, abin da yake ba sauran shi zai ba ni. Ni ba zan iya roƙonsa da bakina ba.

Ka gaishe da Tukur da mutanen gidansa, ka kiyaye dokar gidan da ka sauka, ka riƙe sallah a kan lokaci. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya tsare ka a tafiya da zama, ya sa duk abin da ka zaɓa ya zama alheri gare ka. Allah ya jiƙan innarka. Albasa ta soma kwantar da ganye, amsarka ta zo ta hannun kawunka kafin a cire.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.